Kukun da Bai Iya Zama Ba

Farantinta ya fara gani kafin ya ga fuskarta.

A gidan abincin da yake aiki, can hawa na huɗu a wani dogon gini mai gilasai, akwai wata 'yar taga tsakanin kicin da inda baƙi ke zama. Ta nan abinci ke fita, ta nan kuma farantai ke dawowa. Shi ne mataimakin shugabar kicin, kuma yana da wata ɗabi'a da abokan aikinsa suka gaji da yi masa tsiya a kanta: duk farantin da ya dawo sai ya tsaya ya duba shi. Cewa yake baƙo zai iya yabonka da baki don kara, amma faranti ba ya kara.

Gidan na masu hannu da shuni ne, irin wanda ake ɗauko girkin gabas a aura masa na yamma a faranti guda. Ba ka zaɓar abin da za ka ci. Zama za ka yi a jero maka kala tara, ɗaya bayan ɗaya, kowane bai wuce loma biyu ba, a tsakiyar farantin da zai ɗauki kaza sukutum. Yankan kifi da kumfar kwakwa a kansa. Jatan lande guda ɗaya tal, da ɗigon mangwaro da citta. Yawancin baƙi sukan ɗauki hoto, su ɗan taɓa, su bar rabi don kada a ce mayunwata ne.

Ran nan da rana sai ga faranti daga tebur na shida ya dawo fes, kamar an wanke. Na biyu ma haka. Na uku ma. A na biyar, dattijuwar da ke wanke-wanke, wadda kowa ke kira Iya, ta ɗaga shi sama ta ce, "Ko wane ne wannan, Allah ya yi masa albarka. Ya rage mini aiki."

Ya tambayi mai kai abinci, wa ke zaune a wurin?

"Mata huɗu ne, ɗayarsu aka yi wa ƙarin girma suka zo murna. Mai mayafi ruwan toka ce ke suɗe farantin da burodi. Kwando na uku ke nan na kai mata."

Ya goge hannunsa ya fita, abin da bai saba yi ba.

"Ranki ya daɗe, ni na dafa. Na ga abincin ya yi miki daɗi, shi ne na ce bari in zo in yi godiya."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. Doguwar fuska gare ta, da idanu masu kallon mutum kai tsaye.

"Da daɗi kam," ta ce. "Amma in faɗa maka gaskiya? Yunwa ce. Tun safe nake gwada idanun mutane ban sa komai a cikina ba, aka ce za a kawo ni babban gidan abinci. Ga shi na ci kala biyar, har yanzu cikina yana tambayata ko an fara."

Ƙawayenta suka ji kamar ƙasa ta tsage su shige. Shi kuwa dariya ce ta ƙwace masa, irin wadda ya daɗe bai yi ba.

Ta nuna aljihun farar rigarsa. "Wannan hantsakin fa? Ƙaya kake cire wa mutane?"

"Ganye nake ɗorawa da shi."

"Da hantsaki?"

"Da hantsaki."

"Allah mai iko," ta ce.

Ya koma kicin ya cika kwano da shinkafa da naman rago, abin da babu shi a jerin abincin gidan, ya aika mata. Kwanon ma fes ya dawo.

Bayan kwana huɗu, bawan Allahn nan da bai taɓa kukan ido ba sai ga shi a shagon tabarau da take aiki, wai ya zo gwaji. Ta zaunar da shi, ta nuna masa haruffan da ke bango. Abin mamaki, layi uku na ƙasa ya kasa karantawa.

"Ka zo da wasa, ka tarar da gaske," ta ce tana rubutu. "Shi ya sa kake zuba wa mutane abinci kaɗan. Kai a ganinka da yawa ne."

Ya fita da tabarau, ya fita da lambar wayarta. A wayarsa ya rubuta sunanta Tebur Shida, domin da lambar tebur suke kiran baƙi a kicin. Ita kuma ta rubuta nasa Mai Hantsaki.

"Tebur Shida, kin ci abinci yau ko in turo kwando na huɗu?"

"Na ci, Mai Hantsaki. Abincin mutane na ci, wanda ake gani ba sai da tabarau ba."

"Yau na haɗa lemon tsami da zuma da barkono a kan kifi. Ina ɗanɗanawa na ce da tana nan da ta faɗa mini gaskiya."

"Ka ajiye mini. Kuma ka sani, yau sau biyu na ce wa wani tsoho ya karanta layin da ya riga ya karanta. Laifinka ne."

Lokacinsa ƙalilan ne. Yana shiga aiki ƙarfe goma na safe, ba ya fitowa sai an rufe, sai dai hutun awa ɗaya tsakanin uku da huɗu na yamma. A wannan awar take zuwa, ta same shi a bayan ginin inda ake sauke kayan miya. Akwai wani benci a wurin. Ita takan zauna, shi kuma yana tsaye da 'yar robarsa a hannu, yana ci yana kai da kawowa, kunnensa ɗaya yana wurinta, ɗayan yana kicin.

"Ka zauna mana."

"Na fi jin daɗi a haka."

Ba ta matsa ba. A lokacin abin dariya ya ba ta.

Wata bakwai suna haka. Ran da ya ce mata yana son ya aure ta, a kan bencin nan ne, kuma ko a ranar ma a tsaye yake. Ta murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Ina sonka, wannan ka sani. Amma ka ji da kyau. Ni ce auta a gidanmu, kuma ba zan shiga gidan kowa ba sai Baba ya sa albarka da bakinsa. In ya ce a'a, zan yi kuka, amma ba zan tsallake ba."

"To me zai hana shi?"

"Akwai likitan haƙori."

Likitan haƙori ɗan aminin Baba ne. Ba shi da aibu, Allah ya sani, sai dai in kana dariya ba idonka yake kallo ba, bakinka yake leƙe. Duk Asabar da yamma yana gidansu. Ya cire takalmi, ya zauna kusa da Baba, ya ci abin da Mama ta dafa, ya saurari labaran shekara ashirin da biyar da Baba ya yi yana tuƙa bas a garin nan kafin ya yi ritaya. Labarin da ya ji sau goma ma sai ya yi mamakinsa kamar yau ya fara ji.

Da Auta ta kai maganar gida, Baba ya ɗago ya dube ta.

"Kuku?" ya ce.

"Mataimakin shugabar kicin ne, Baba."

"Kuku ke nan."

Mama ce ta shiga tsakani, ta ce ai ba a ƙin mutum ba a gan shi ba. Da ƙyar Baba ya yarda. Da labari ya je wa Mai Hantsaki, sai ya ce shi zai gayyace su gidan abincin ranar Lahadi da rana, su gani da idonsu cewa ba a bakin titi yake suya ba.

Allah sarki. Kwana goma ya yi yana shiri. Ya kama musu tebur mafi kyau, wanda ke jikin gilashi ana hango garin gaba ɗaya. Ya tambayi Auta abin da Baba ke so da wanda ba ya so, ya rubuta. A sana'arsu, babbar girmamawar da kuku zai yi wa baƙo ita ce ya dafa masa kowane faranti da hannunsa, kada ya bar wa kowa ko yankan albasa. Wannan ya ƙudura zai yi wa surukansa.

Ranar suka zo ƙarfe ɗaya. Baba ya sa rigarsa mafi kyau. Aka zaunar da su a tebur mai kujeru huɗu: Baba, Mama, Auta, da kujera ɗaya a gefen Baba.

Faranti na farko ya fito. Mai kai abinci ya tsaya ya yi bayani mai tsawo a kan inda aka kamo kifin da yadda aka yi kumfar. Baba ya dubi kifin, ya dubi kujerar, ya ajiye cokali. A iya saninsa ba a fara ci sai mai gayya ya zauna.

Farantin ya koma kicin ba a taɓa ba.

Mai Hantsaki ya duba farantin. Ya ɗanɗana kumfar, ya ce ƙila kwakwar ce Baba ba ya so. Nan take ya sauya na biyu, ya cire kwakwa. Shi ma ya dawo yadda ya fita. Ya ce to ko yaji ne? Ya rage yaji. Na huɗu ya ƙara gishiri. Na biyar ya watsar da abin da ya shirya kwana goma, ya ƙirƙiro sabo a tsaye, gumi yana zuba masa. Duk farantin da ya dawo sai ya ƙara nutsewa a cikin tukwane, alhali tsakaninsa da maganin abin taku goma sha biyar ne.

Auta ta tura masa saƙo a ƙarƙashin tebur: "Ka fito." Wayar tana cikin akwatin da ma'aikata ke kulle kayansu, don ba a shiga kicin da waya.

Sai ƙarfe uku da rabi ya fito, bayan faranti na tara. Ya tsaya a gefen teburin, hannuwansa a baya, ya ɗan rusuna yadda ya saba yi wa manyan baƙi.

"Barkanku da zuwa, Baba. Ina fata kun ji daɗin abincin."

Baba ya dube shi daga hula har takalmi.

"Mun gode, yaro," ya ce. Ya miƙe.

Sai da suka shiga gida, ya rataye rigarsa, sannan ya ce, "Mun je ganin mutum, an nuna mana farantai tara. Auta, ki cire wannan maganar daga ranki."

Da yamma saƙon Mai Hantsaki ya shigo wayar Auta.

"Tebur Shida, na ga Baba bai ci ba. Kifin ne?"

"Ba kifin ba ne."

"To naman? Don Allah ki faɗa mini, zan gyara."

"Awa biyu da rabi mahaifina yana kallon kujerar da ke gefensa babu kowa a kai, kai kuma kana tambayata kifi."

"Da hannuna na dafa kowane faranti. Ko mai gidan abincin bai taɓa samun haka daga wurina ba. In aikina ne kuke jin kunyarsa, gara a fito a faɗa mini."

Ta karanta sau uku. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ita ce ta tsaya a gaban mahaifinta tana kare wannan aikin.

"Allah ya huci zuciyarka," ta rubuta, ta kife wayar.

Mako biyu suka wuce babu wanda ya nemi wani. Asabar biyu likitan haƙori ya zo ya zauna. Mai Hantsaki ya ji labari, ya ce a ransa ai dama, ina kuku ina likita.

Ranar Litinin, ranar hutunsa, ya je wurin yayarsa. Ita ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, kuma ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ya kwashe labarin duka ya faɗa mata, yana jiran ta taya shi jin haushi. Tana ninke kayan yaranta ta saurare shi har ya gama.

"Amma kai dai an yi sakarai," ta ce. "Ka je neman aure ka ɓuya a bayan tukunya? Tsohon nan abinci ya rasa a gidansa? Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ƙanina. Kai ko tabarmar ma aikowa ka yi da ita."

"Yaya, girmama shi na yi."

"A wurinku. Shi a kicin ɗinku yake aiki?" Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Bari in tambaye ka. Yaushe rabon da ka zauna ka ci abinci da ni? Ko yanzu dube ka, tun da ka shigo kana jingine da firji."

Ya dubi kansa. Gaskiya ne, a tsaye yake. Ya yi ta lissafi bai tuna ranar ba. Shekara goma sha ɗaya yana ciyar da mutanen da bai san sunansu ba, kuma a cikinsu duka bai tuna abinci ɗaya da ya ci a zaune daga farko har ƙarshe ba.

A can gidan su Auta kuwa, abin ya fara damun Mama. Yarinyar da ba ta barin komai a kwano ta koma juya cokali. Ba ta yi wa mahaifinta musu ba, ba ta ɗaga murya ba, tana gaishe shi kamar kullum. Shirun ne ya fi ƙarfin Baba.

Ranar Alhamis, ƙarfe uku da kwata, Mai Hantsaki yana tsaye a bayan ginin da robarsa, sai ya ga dattijo ya karyo kwana, ya wuce motar kayan miya, ya nufo ƙofar baya kai tsaye kamar wanda ya san wurin. Saura kaɗan robar ta suɓuce masa.

"Baba! Ai da ka bi ta gaba."

"Ta nan na fi sani," in ji Baba. Ya zauna a kan bencin, ya ɗan huta. "Duk ƙofar bayansu iri ɗaya ce. Da na zo ƙasar nan, kafin in samu tuƙi, shekara shida na yi ina wanke tukwane a wuri irin wannan. Auta ba ta sani ba, ba a haife ta ba."

Mai Hantsaki ya ajiye robar a gefen bencin.

"Ka ɗauka raina sana'arka na yi. Ni na isa? Na ga yadda kuke wahala, na san abin da ake sha kafin a kai inda ka kai. Abin da na sani ne ya sa na ƙi. Shekara shidan nan, uwarta ita kaɗai take cin abincin yamma. Amarya ce, ba ta jin yaren garin, ba ta da kowa. Takan zuba kwano biyu, ta ci nata, ta rufe nawa. Wata rana na dawo da wuri don na ƙone a hannu, na tarar ta jawo tebur gaban madubi tana ci, wai don ta riƙa ganin mutum."

Motar kayan miya ta tashi ta tafi.

"Ranar Lahadi da na ga kujerar nan, ita na tuna. Ba fushi na yi da kai ba, tsoro na ji. Tambayata ɗaya ce, yaro. In na ba ka ita, da wa 'yata za ta riƙa cin abincin yamma?"

Mai Hantsaki ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka ba ni amsar da za ka ji kunyarta nan da shekara biyu. Ka yi tunani."

Tambayar ta zo a mugun lokaci. A watan nan shugabar kicin ta gaya masa za ta bar aiki ƙarshen shekara, kuma shi za ta miƙa wa wurin. Abin da yake mafarki ke nan tun yana yankan albasa. Amma shugaban kicin ba shi da yamma. Da yamma manyan baƙi ke zuwa, da yamma masu rubutu a jarida ke zuwa, da yamma kuku ke yin suna.

Mako guda ya yi yana juya abin. Ba zan ce ya zo masa da sauƙi ba, don bai zo ba. Akwai ranar da ya tsaya yana kallon wurin da shugabar ke tsayawa, ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Yana son aikin nan, so na gaskiya. Sai dai duk lokacin da ya hango kansa a wurin, sai ya hango Tebur Shida a wani ɗaki, ta zuba kwano biyu.

Ya samu shugabar ya ce mata a ba wani kujerar, shi a bar masa girkin rana, ya riƙa tashi ƙarfe biyar.

Ta cire tabarau ta dube shi. "Ka san abin da kake ajiyewa? Ba za a sake yi maka tayin nan ba."

"Na sani."

"Girkin rana ba ya sa sunan kowa a jarida."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Ni 'ya'yana a hoto suka girma," ta ce a hankali. "Je ka. Allah ya sa ka fi ni dabara."

Da ya fito ya ɗauko wayarsa.

"Tebur Shida, na yi kuskure, kuma na ɗora miki laifin da ba naki ba. Ki yafe mini. Ina so in zo gida in gaida Baba. Me zan dafo?"

Amsar ba ta yi minti ɗaya ba.

"Na yafe tun tuni, kai ne ka daɗe. Kada ka dafo komai. Ka zo da kanka kawai, Mai Hantsakina. Kuma hantsakin ma ka bar shi a gida."

Ranar Litinin ƙarfe shida na yamma ya ƙwanƙwasa ƙofa, hannu rabbana, yana jin kansa wani iri kamar wanda ya fito ba takalmi. Baba ya nuna masa kujera, ya zauna. Auta ta gaishe su ta shige ɗaki. Mama ta ce shinkafa ta kusa, sai ga waya daga Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda in ta kira sai dai a nemi wurin zama. Mama ta fita baranda da wayar.

Ya faɗa wa Baba abin da ya yanke a wurin aiki, a taƙaice, ba tare da ado ba. Baba ya gyaɗa kai. Sai kawai ya ɗauko labarin ranar da bas ta mace masa a kan gada ana ruwan sama, da fasinja arba'in da biyu, ciki har da mace mai naƙuda.

Labarin bai kai rabi ba hancin Mai Hantsaki ya gaya masa ruwan shinkafa ya tsotse. Hancin kuku ne, yana jin abu tun kafin kowa ya ji. Ya san saura minti biyu ta fara kamawa. Ƙafafunsa suka motsa da kansu, har ya dafa hannun kujera. Kicin ɗin ga shi nan, taku biyar.

Baba yana cewa, "Sai na ce wa mutanen, duk mai lema ya fito."

Ya saki hannun kujerar. Ya gyara zama, ya dubi dattijon a ido.

"Suka fito, Baba?"

"Ina fa! Mutum uku ne kawai."

Shinkafa ta kama. Ta fara ƙauri. Gumi ya tsatso masa a goshi, yana jin kowace ƙwaya tana ƙonewa kamar a jikinsa, amma bai waiwaya ba har aka haifi jaririn a kujerar baya, har motar asibiti ta iso. Sai ga salatin Mama daga baranda, ta wuce su a guje, Auta ta fito ita ma, aka shiga buɗe tagogi.

Baba ya shaƙi iska, ya dube shi. "Ka ji ƙaurin nan?"

"Tun ɗazu, Baba."

"Me ya hana ka tashi?"

"Ba ka gama labarin ba."

Dattijon ya kau da kai ya dubi taga. Da aka kawo abincin, su huɗu suka zauna, suka ci shinkafar nan mai ƙauri. Mama tana ta ba da haƙuri, wai yau ta ji kunya a gaban gwani. Ya ce mata ya daɗe bai ci abin da ya zauna masa a ciki kamar wannan ba, kuma ba kara ya yi ba.

Da ya miƙa hannu zai ɗauki ruwa, hannun rigarsa ya ja baya. Baba ya kama hannun, ya duba tabon ƙuna da suka jeru daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Sai ya naɗe tasa rigar, ya ajiye hannunsa kusa da na saurayin. Nasa tabon sun tsufa, sun yi fari, amma a wuri ɗaya suke.

"Ka ce wa yayarka ta turo manyanku," ya ce.

Auta ta tashi da sauri ta shige kicin, wai za ta jiƙa tukunya. Daga inda suke suna jin kukanta tare da ƙarar famfo.

Likitan haƙori ya karɓi labarin da mutunci. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, kuma bai fasa zuwa jin labaran bas ba, don ashe da gaske yake jin daɗinsu.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Aka yi walima da rana a wani zaure da ke kusa da gidan su amarya. Abokan aikin ango ne suka yi girkin, a manyan tukwane, kuma Yaya ta tsaya a kansu ta tabbatar an cika wa kowa faranti. Ango yana zaune kusa da amaryarsa, tana raɗa masa abin da su biyu kaɗai suka sani, yana murmushi.

Da aka natsa, aka ce uban amarya ya sa albarka. Baba ya miƙe. Mutumin da ke iya awa guda a kan labarin taya ɗaya, yau sai maganar ta gagare shi. Ya dubi 'yarsa, ya dubi surukinsa, sannan ya dubi matarsa.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku zuri'a ta gari, ya rufa muku asiri. Kuma Allah kada ya sa ɗayanku ya ci abinci shi kaɗai alhali ɗayan yana raye."

Zauren ya ɗauka da amin. Kowa ya shafa ya sauke hannu, aka fara jan farantai. Mama ce kaɗai hannuwanta ke sama har lokacin, hawaye yana bin kumatunta, tana ta maimaita amin. Baba ya koma ya zauna kusa da ita, ya jira har ta gama, sannan ya jawo farantinsa ya haɗa da nata.